Baba Daram da Manifol Mai Gida Uku

A garejin kamfanin gina hanya, ba wanda ya san shi da wani suna sai Baba Daram. Daga bakinsa sunan ya fito. Duk ƙarfen da ya gama yi wa walda, sai ya ɗage gilashin fuska, ya ɗauki 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa wurin sau biyu, ya ce, "Daram." Shekara talatin da ɗoriya yana faɗin kalmar nan, kuma maganar gaskiya ba a taɓa dawo masa da aiki an ce waldarsa ta buɗe ba. Ya san haka, ya kuma tabbatar kowa ya sani.

Da ƙofofi da gadajen ƙarfe ya fara, a wata rumfa bakin titi. Wata rana wuƙar gireda, motar nan mai share hanya, ta tsage daidai ƙofar rumfar, ya fito ya ɗinke ta kafin direban ya gama shan ruwa. Direban ya kai labari, kamfani ya aiko aka ɗauke shi. Tun daga nan ya koma cikin manyan injuna masu shan gas, su buldoza da gireda da rola, bai sake waiwayar gadon kowa ba.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya ganin abu yana girgiɗi ya wuce. Matarsa tela ce, ita ta fi kowa ɗanɗana wannan hali. Tana da kujerar ƙarfe mai naɗewa da take fita da ita tsakar gida in za ta yi ɗinkin hannu. Ya ga tana motsi, ya ɗauke ta ya tafi da ita gareji, ta dawo ba ta naɗuwa, ba ta kuma shiga ɗaki sai an karkata ta. Fankar falo mai juya kai ita ma ta shiga hannunsa, yau shekara goma bango ɗaya take kallo. Sirdin keken 'yarsu ta fari kuwa ya tsayar da shi wuri guda, yarinya ta yi ta tsawo sirdi bai bi ta ba, har gwiwoyinta suka riƙa dukan hannun keken. In matar ta yi mita, sai ya tambaye ta ko akwai wanda ya karye a cikinsu, kuma lallai babu.

Inda ya yi suna sosai shi ne manifol, wato dogon ƙarfen nan mai baki shida da ke manne a gefen inji, yana kwashe hayaƙi mai zafi ya miƙa wa salansa. Irin na da guda ne sambal, kuma da ya sha wuta ya huce, ya sha wuta ya huce, sai ya tsage. Masu walda da yawa gudunsa suke yi. Shi kuwa sai ya gasa shi a gawayi, ya yi masa walda da zafinsa, ya binne shi cikin yashi har washegari don ya huce a hankali. Ranar tono kamar ranar biki take a wurinsa, har sabuwar hula yake sawa.

A garejin nan mijin 'yarsa ta fari yake aiki, wanda ake kira Dogo, shi ke tuƙa babbar buldoza. Mutum ne shiru-shiru, ga kunyar suruki kamar ya nutse. Kullum da safe zai zo ya rusuna ya ce, "Baba, ina kwana," ya tashi ya wuce. A shekara biyar da auren, Baba Daram bai taɓa jin ya haɗa jimla uku a jere ba, kuma hakan ya yi masa daidai, don shi bai ƙi ya yi maganar mutum biyu ba.

Da manifol ɗin buldozar Dogo ya tsage karo na uku, Injiniya, shugabar garejin, ta ce ya isa haka. Mace ce mai gajeriyar magana, ba ta maimaita umarni. Ta ce masu ƙera injin sun fito da sabon samfuri da aka gyara, ta sa an kawo, ga shi nan a kwali. Ta ce Baba ya karanta takardar da ke ciki kafin ya ɗaura, ita za ta wani wurin aiki sai bayan kwana huɗu. Takardar dai ta samu aiki, amma ba wanda aka buga ta dominsa ba. Ƙarƙashin kofin shayinsa ta tare.

Ya buɗe kwali ya ga abin mamaki. Manifol ɗin gida uku ne, bakin wannan yana zurawa cikin na wancan, in ka ɗaga sai ka ji yana ƙwal-ƙwal a gaɓoɓin. Ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya ga lalacin zamani, mutane sun yi rabin aiki sun rufe kwali sun tafi gida.

Dogo na tsaye a gefe, hannu a baya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, kamar na ji Injiniya ta ce gaɓoɓin nan..."

Baba Daram ya dube shi ta saman gilashi. Maganar ta tsaya nan, Dogo ya sunkuyar da kai ya koma goge fitilar da ya riga ya goge.

Da gareji ya yi shiru lokacin cin abinci, Baba ya haɗe gaɓoɓin biyu da walda, ya bi da injin gugar ƙarfe ya goge har wurin ya yi sumul, ya shafa baƙin fenti. Aiki ya yi kyau ƙwarai, wanda ya ƙera abin ma sai ya sa ido sosai kafin ya gane an taɓa. Dogo kaɗai ya gani, don shi ya riƙe masa ɗaya gefen. Aka ɗaura, aka ɗaure notuna, guduma ta sauka sau biyu.

Kwana tara manifol ɗin ya yi. Ran na goma buldoza ta dawo tana tas-tas kamar ana fasa itace, gefen inji ya yi baƙi ƙirin. Manifol ya tsage, ya kuma tsinke notuna biyu. Injiniya ta hau ta leƙa cikin baƙin hayaƙin, ta sauko fuska a ɗaure. Ta ce wannan samfurin ba ya tsagewa haka kawai, sai in direba ya gasa inji ya kashe shi nan take, ko ya watsa masa ruwa da zafinsa. Ta tambayi Dogo ko yana da abin faɗa, ya ce babu. Ta karɓi makullin buldoza, ta ce ya zauna gida, ranar Litinin za ta yanke ko zai ci gaba da aiki. Shi kuma Baba ta ce ya kwance tsagaggen ya jefa a tarin ƙarafa, wani yana hanya.

Ya kwance, ya jefa, ya ɗora masa tsohon bokiti. Sannan ya koma bencinsa ya ɓamɓaro takardar nan daga gindin kofi. Rubutun ba ya karantuwa, shayi ya cinye shi, amma hoton yana nan. Ga gaɓoɓin an zana su da 'yan kibiyoyi suna nuna ƙarfen yana miƙewa in ya yi zafi, yana komawa in ya huce. A ƙasa kuma ga hoton sandar walda, an tsallaka mata jan layi biyu manya-manya. Ya daɗe yana kallon hoton nan. Sakin da ya raina ashe shi ne gyaran, shi kuma ya mayar da sabon abu tsoho da hannunsa.

Ranar Asabar da la'asar 'yarsa ta zo gida da goyo. Ta ce Dogo ya ƙi cin abinci, ya ƙi faɗin abin da ya faru, sai dai ya ce tsautsayi ne. Baba ya ce Allah ya kyauta, ya shiga wasa da jika fiye da yadda ya saba. Matarsa na kan keken ɗinki tana kallonsa ta gefen ido. Da 'yar ta tafi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, me ka yi wa walda?"

Ya faɗa mata duka, don ba a ɓoye mata abu ya kwana. Amma bai rasa ta cewa ba. Ya ce shi har yanzu hankalinsa bai ɗauka ba, yaya za a ce abu mai girgiɗi ya fi ɗaurarre ƙarko. Ta tashi ta zaro wandonsa na aiki daga kwando, ta juya cikinsa waje, ta nuna masa ƙugun. Sawun tsofaffin ɗinki har layi uku, kowanne ya fi na baya faɗi.

"Kullum kana gaya wa mutane ƙugunka bai canza ba tun aurenmu," in ji ta. "Ni ce nake barin wuri tun ranar da zan yanka, in ka ƙaru in saki. Da na ɗinke shi daram, da tuni ya ɓarke maka a gaban Injiniya."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta ƙi fitowa. Abin da ke damunsa a fili yake. In ya yi shiru, bokiti zai rufa masa asiri har abada, Dogo kuma ya rasa aiki. In ya yi magana, shekara talatin na bugun ƙirji sun tafi a safiya ɗaya. Ya ji tsoro, ya kuma ji kunyar tsoron da ya ji.

Ranar Litinin ya sa sabuwar hularsa, ya ɗaga bokiti, ya ɗora tsagaggen manifol a baro ya tura har ƙofar ofis. Dogo na zaune a benci yana jiran hukunci, makanikai sun taru kamar ba kallo suka zo ba. Baba ya ɗauki magagari ya kankare fentin gaɓa ɗaya har waldar ta fito tana ƙyalli.

"Ranki ya daɗe, wannan hannuna ne," ya ce. "Ban karanta takarda ba. Yaron nan bai gasa inji ba, ni na hana ƙarfen numfashi."

Injiniya ta shafa wurin da yatsa, ta ce ba ta taɓa ganin ɓarna mai kyau irin wannan ba. Makanikai suka tuntsire da dariya, Baba ya tsaya ya sha ta. Sannan ta juya wajen Dogo ta tambaye shi ko yana wurin aka yi. Ya ce shi ya riƙe gefe ɗaya. Ta ce to me ya hana shi faɗa, alhali aikinsa na shirin tafiya.

Dogo ya kalli ƙasa ya ce, "Uban matata ne."

Dariya ta ɗauke. Baba Daram ya juya yana gyara baron da ba abin da ya same shi. Injiniya ta miƙa wa Dogo makulli, ta ce su biyun su je su ɗaura sabon, wannan karon da takarda a hannu.

Kwalin na nan a kan benci. Baba ya ɗago gidajen uku, suka yi ƙwal-ƙwal, hannunsa ya yi ƙaiƙayi, ya daure. Ya zare 'yar gudumar ya ajiye a aljihun teburi, ya jawo kujera ya zauna, ya nuna wa surukinsa ɗaya.

"Dogo, ran nan ka fara wata magana a kan gaɓoɓin nan na katse ka," ya ce. "Zauna ka ƙarasa min."

Dogo ya zauna a bakin kujera ya fara, da ƙyar da farko, daga baya bakin ya saki. Ashe ya san abin ciki da bai, har da noti na tsakiya da ake fara ɗaurewa. Ya yi minti goma yana bayani, shayi ya huce a kofi, Baba bai sa masa baki ko sau ɗaya ba.