Tukunyar Haulatu da Ƙafar Baba Ɗantsoho

Kafin rana ta yi zafi Baba Ɗantsoho yakan gama kwaɓa ƙasarsa, ya daddale ta cikin akwatin zubi, ya hura gawayi. Sana'arsa ke nan a Daura tun muna yara: narka dalma, zuba tukwane. Bana ya ajiye aiki, ni kuwa na ce ba zan yi shiru ba.

Yana da doka ɗaya da ta sa ake ce masa mai girman kai: in ya fara zubi, ko sallama ba ya amsawa. Dalilinsa, narkakkiyar dalma daga jikin ƙasa take fara daskarewa, cikinta yana ruwa. Ka ɗaga hannu kaɗan, ta farko ta kama jikinta, ta biyu ta hau kanta ba su haɗe ba. Tukunyar za ta yi kyau a ido, ranar da ta hau murhu ta tsage.

Haulatu mai dafa abincin biki ta shaida. Babbar tukunyarta ta fashe ana jibi ɗaurin auren da ta karɓi girkinsa a Zango. Ta kwaso tsofaffin tukwanen mahaifiyarta marigayiya don Baba ya narka ya zuba mata sabuwa, Okafor mai kayan gyaran babur ya ƙara mata matattun fistan na injin babur, su ma na dalma. Dalmar ta zubi ɗaya ce rak, in aka sake narkawa ba za ta kai ba.

"Baba, duk abin da Inna ta bar mini ke nan," in ji ta.

Ana tsakiyar zubi ɗigon narkakkiyar dalma ya fallatso masa tsakanin yatsun ƙafa. Yazid, abokin aikinsa, ya ce har ƙaurin fata ya ji.

"Baba, ajiye kaskon dalmar mana," in ji Yazid.

Bai ko dube shi ba. Sai da bakin zubin ya cika ya dire kasko, ya zauna daɓas, ya ce a kawo ruwa.

Kai ne mai hannun da ba ya rawa, Baba. Ina alfahari da kai, kuma mun gode. Masu tasowa, in kun ɗauki amanar mutum, ku kai ta ƙarshe kamar haka.

Da aka fasa ƙasar, tukunya ta fito sumul. Haulatu ta ƙwanƙwasa ta, ta ji amonta, ta durƙusa tana kuka tana dariya. Shi kuwa da ɗingishi ya je Zango, ya ci tuwon da aka tuƙa a cikinta.