Magogin Goro

Tun ina yaro a Matankari haƙorana ne abin taƙamata. Da su nake ɓare rake, da su nake gwaguyar goriba har ƙwallo ya yi fari, da na zama saurayi kuma da su nake buɗe kwalbar lemo in akwai 'yan mata a kusa. Mahaifina kuwa magogi gare shi, ɗan murfin gwangwani da aka huhhuda da ƙusa. Sai ya goga goro a kai, ya tara garin a tafin hannu ya watsa a baki. Tun a lokacin na yanke wa kaina hukunci cewa duk wanda ya kai ga magogi ya gama yayi, kuma ni ba zan kai ba.

Na yi koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, har na ajiye alli na zauna a Dogon Dutsi. Furfura ta zo, na kifa mata hula. Gwiwa ta fara ƙara in na tashi daga sujada, na ce tabarmar ce. In samari suka ce "Baba", sai in waiga in ga da wa suke. Muddin ina ɓantarar goro da bakina, ban yarda na shiga sahun tsofaffi ba.

Ranar wani suna a unguwarmu aka miƙo mini farin goro. Na kafa masa haƙori, na ji ƙas! Goron yana nan lafiya lau, haƙorina na gaba ne ya bar aiki. Na shafa fatiha da baki a rufe, na sulale gida.

A makon nan jikata 'yar shekara shida take famfara, ita ma giɓi a gaba. Da ta ga nawa sai ta yi tsalle don murna.

"Mijina, kai ma? To ka rufe baki, in ƙadangare ya gane shi ba ya sake hitowa."

Na yi dariya, amma wallahi da na wuce ta gindin katanga na ga ƙadangare jan gwada yana gyaɗa kai, sai da na tsuke leɓe.

Sauran haƙoran ma suka fara girgiɗi, goro ya gagare ni, ni kuma ba na iya yini ba shi. Sayen magogi a Dogon Dutsi, inda rabin 'yan kasuwa ɗalibaina ne, ai tallar kai ne. Sai na hau mota takanas zuwa kasuwar Kore Mairuwa. Na sami mai kayan koli, na ɗauki magogi ina juya shi kamar ban san amfaninsa ba, na ce tsohona zan kai wa. Mutumin ya dube ni da kyau, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal.

"Mushe, wane tsoho? Ba wanda munka kai makwanci bara waccan ba? Ai ni ma ɗan Matankari na."

Na ce Allah ya jiƙan magabata, na biya na sa magogi a aljihu.

A ɗaki nake guga, ƙofa a rufe. Ita kuwa jikar kullum sai ta buɗe mini baki ta duba. Nata suka fito, farare masu faɗi, nawa shiru. Ta ce sakacina ne, na bari ƙadangare ya gani. Ban iya gaya mata cewa ita fitowa take yi, ni kuwa komawa nake ba.

Wata rana da hantsi ta turo ƙofa ta same ni ina guga. Ban sami damar ɓoyewa ba. Ta karɓe magogin ta ce ba haka kaka take yi ba, ashe matata ta daɗe da nata a cikin kwalla. Ta goga goron tas, ta ce in kawo hannu. Na miƙa. Da na dubi tafin nan da garin goro a tsakiya, ga yatsu sun tattare, sai na ga hannun mahaifina sak. Kewarsa ta kama ni har na kasa kaiwa baki.

"Ci mana," in ji ta. "Kahin naka ya hito."

Na watsa a baki na ce to.