Bangon Shagon Lamidi

Duk wanda ya taɓa kai rediyo gyara a Funtua a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, ya san Lamidi. Bayarabe ne haifaffen garin, ubansa na sayar da kayan keke a bakin tasha, amma shi tun yana ƙarami ƙanshin dalma ya fi masa na miya daɗi. Haka ya liƙe wa Marcellinus mai gyaran rediyo har ya zama yaronsa.

Marcellinus ba ya koyarwa da baki. In an kawo rediyo, sai ya ɗauki gawayi ya zana cikinta a bangon shago: inda wuta ke shiga, yadda take ratsa ƙwayayen gilashin da ke ciki, inda murya ke ƙara ƙarfi kafin ta fita. Shekara da shekaru, bango ya cika maƙil. Da ƙasa ta rikice a 1966, Marcellinus ya hau jirgi ya koma garinsu, ya bar wa Lamidi shago da bango.

To, Lamidi gwani ne, sai dai bai yarda da kansa ba ko kaɗan. Ko ƙusa ba ya kwancewa sai ya ɗaga kai ya dubi zanen maigidansa. A ganinsa abincinsa da na matarsa Afusat duk a jikin bangon nan yake.

Ana saura kwana kaɗan Sallah ya tafi Malumfashi gyaran lasifika. Hajo, tsohuwar da shagon ke jikin gidanta, ta leƙa ta ga bango baƙi ƙirin. Tausayi ya kama ta, ta dama farar ƙasa ta shafe shi tas, kamar yadda ake yi wa kowane ɗaki in Sallah ta zo.

Da Lamidi ya dawo ya ga bango fari fat, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa.

"Ka ga na gyara maka," in ji Hajo, tana ta murna. "Ɗan nan, ya za a yi ka yi Sallah cikin wannan ƙazanta?"

"Sannu da aiki, Inna," ya ce.

Ga kuma Mudi, wani manomin auduga daga Dandume, ya zauna da rediyonsa a cinya, ya rantse ba ya komawa gida da ita bebiya. Lamidi ya buɗe ta. Ya ɗaga kai, ba komai sai fari. Can dai ya ɗauki gawayi don kada a ga ya tsaya, ya ja layi ɗaya, ya ƙara wani. Ashe duk abin yana kansa! Ya bi hanyar wuta a zanensa har ya kai inda ta tsaya, ya liƙa dalma, rediyo ta kama magana.

Daga ranar ya shiga cika bangon da nasa zanen, yana rubuta bayani da Hausa a ƙasa, abin da maigidansa bai taɓa yi ba. Masu gyara har daga Malumfashi suke zuwa su kwafa.

Da Sallah ta zagayo, Hajo ta ji labarin ɓarnar da ta yi, kunya ta hana ta ko leƙowa. Lamidi da kansa ya kai mata farar ƙasa har tsakar gida, ya durƙusa.

"Inna, ki zo ki shafe mani. Na bana zai fi na bara kyau."