Tayar Aro a Hanyar Kaduna

Ƙofar Jatau

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da yayata Hajiya Rabi, wadda yanar ido ta rufe mata gani. Likitan da zai yi mata aiki a Abuja ranar ce ta ƙarshe gare shi kafin ya bar ƙasar, don haka dole mu kama jirgin ƙasa na safe a Kaduna. Duk makon rediyo na ta shelar an ware kuɗi don kare matafiya a mota da jirgin ƙasa da na sama. Ni kuwa da na ji "an ware", sai in fara tambayar ina aka kai.

A tashar Zariya na zagaya motar da za mu shiga. Tayar baya ta suɗe kamar tafin hannu.

"Direba, wannan za ta kai mu?"

"Haba Malam, ai akwai safaya."

Bai faɗi inda take ba.

Shinge

Gab da shingen jami'an hanya direba ya tsaya wajen wani mai faci, aka jefa taya da tukunyar kashe gobara a but. Jami'an fes da su, motarsu sabuwa dal, ko ledar kujeru ba a cire ba. To, ga inda wani abu ya shiga. Ɗayansu ya leƙa but, ya ga taya, ya ga tukunya, ya ɗaga mana hannu. Tayoyin da ke ɗauke da mu ko kallo.

Muna shan kwana direba ya miƙa kayan ga wata mota mai komawa Zariya.

"Kai, ina za ka kai safayar?"

"Ta aro ce, Malam. Duk 'yan layinmu da ita muke wucewa."

Yaya ta taɓa hannuna. "Sani, me aka sauke?"

"Ba komai, Yaya."

Bayan Jaji

Nan tayar ta fashe. Mota ta yi ta tangaɗi, muna salati, har ta tsaya a bakin wata gona. Kafin a kawo wata a kan acaɓa rana ta take. Jirgi ya tafi. Na kira asibiti, suka ce ko mota muka shiga ba za mu riski likita ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gida

Da magariba muka shigo zaure. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu da rai. Na fara ba Yaya haƙuri, ta katse ni.

"Ai na ji ƙarar tayar lokacin da aka sauke ta."

Ta lalubi bango da hannu, kamar yadda ta fita da asuba, ta shige ɗakinta.