Ranar da Aka Hana Si Hammu Mutuwa

A Warzazat, garin da baƙi ke zuwa ɗaukar fina-finai, ba a tambayar mutum ko yana fitowa a fim, sai dai a tambaye shi wane aiki yake yi a ciki. Wani gudu ne sana'arsa, wani ihu, wani kuma gemunsa kawai ake haya. Si Hammu u Bassu, wato Malam Hammu ɗan Bassu, shi mutuwa ya iya. Shekara arba'in yana abu ɗaya: an soke shi da mashi, an jefo shi daga kan ganuwa, an harbe shi a yaƙoƙin da shi kansa bai san wa ke faɗa da wa ba. In la'asar ta yi ya tashi ya karkaɗe jallabiyarsa, ya nufi gida cin tajin, dafaffen naman garin. Da wannan sana'ar ya aurar da 'ya'ya mata uku.

Amma mutuwa ɗaya yake tunƙaho da ita. Shekara ashirin da suka wuce Amurkawa suka zo yin fim ɗin wata babbar mota mai miƙewa tsaye ta rikiɗe ta zama ƙaton mutum-mutumin ƙarfe. Hammu ne mai dabinon da ƙafar ƙarfen ta take a kasuwa. Daƙiƙa uku ce duka-duka, amma sai da hannunsa na hagu ya yi ɗan karkarwa kafin ya saki, kuma duk unguwar ta shaida ba a taɓa yin irinta ba.

Wata safiya a gidan shayi maƙwabcinsa Mbarek, wanda shi ma mutuwar yake yi, ya zo da labari.

"Za a sake fim ɗin motar nan daga farko. Wai kamar ba a taɓa yin na da ba."

"Kamar yaya ba a taɓa yi ba? To ni uban wa ya taka ni?"

"Sun soke, Si Hammu. Kuma bana ni za a taka. Gwiwarka ta gama aiki, tsoho, kafin ka kai ƙasa an rufe kasuwa."

Mbarek kuwa, a faɗi gaskiya, mutuwarsa ba ta da fasali ko kaɗan. Ana gama kashe shi sai ya buɗe ido ɗaya ya duba ko an kawo abinci. A ce irin wannan ne zai gaji ƙafar ƙarfe? Hammu ya yi kwana goma yana zubewa a tsakar gida, matarsa Itto tana tsallake shi da farantin burodi ba ta ko kallonsa. Sannan ya je wurin Nezha, matar da ke zaɓar 'yan cika fage, ya mutu mata sau biyu a ofis. Ta ba shi aikin.

Ranar ɗauka, babu wani mutum-mutumi a filin, kamar dai wancan karon; sai daga baya ake zana shi da kwamfuta. Doguwar sanda ce da ƙwallo rawaya a kai, wai nan ne idonsa. Sabon abin shi ne wani ƙaton hannu na soso, kore shar, rataye a jikin injin ɗaga kaya.

"Baba, an ɗan canza labarin," in ji Nezha. "Sabon daraktan ya ce na da ya cika mugunta, wannan mai tausayi ne. Gini zai rufto, sai ya ɗauke ka ya ajiye ka gefe. Ba za ka mutu ba."

Hammu ya dube ta baki sake. "Me na yi masa?"

Aka fara. Hannun soson ya ɗaga shi, ya dire shi a hankali, gwiwoyinsa suka naɗe da kansu ya zube. Aka sake, ya sake zubewa. A karo na biyar ya dage ya tsaya, amma harshensa ya zazzago, idanunsa suka juye. A na tara daraktan ya cire hularsa ya ciji bakinta. Hammu ba taurin kai yake yi ba, jikinsa ne bai san wani abu ba bayan wannan, kuma tsoro ya kama shi sosai.

"Saura ɗaya, Baba," Nezha ta ce a hankali. "In ka faɗi, Mbarek za a sa."

Mbarek har ya fara taje gemu. "Ni ai zama da rai bai taɓa ba ni wuya ba," ya ce da ƙarfi don a ji.

Hammu ya jawo Nezha gefe. "'Yata, don Allah ki gaya min. Mutum in an cece shi, me yake yi bayan nan? Ban taɓa kaiwa wurin ba."

"Gida yake tafiya mana, Baba."

Da hannun ya dire shi, sai ya sunkuya ya ɗauki kwandon dabinonsa, ya juya. Ya ratsa kasuwar kwali, ya wuce masu gadi, ya hau titi. Ko an ce a tsaya, shi dai bai ji ba. Yana shiga gida wayarsa ta yi ƙara: Nezha ce, wai daraktan har da ƙwalla, sun karɓa, amma ya dawo musu da kwandonsu.

Itto tana murza kuskus. "Yau da wuri aka kashe ka."

"Ba a kashe ni ba," ya ce a fusace. "Shekara arba'in ina aiki, yau an ɗauke ni kamar jariri an ajiye. Da wane ido zan shiga gidan shayi?"

Hannunta ya tsaya cikin kwanon. "Har fim ɗin ya ƙare kana da rai?"

"Har ya ƙare."

"To in ya fito ka kai ni in gani."

"Ke da kika ga masu kyau sama da ɗari, wannan abin kunyar za ki kalla?"

"Ban taɓa kallon ko ɗaya ba, Hammu. Duk sanda aka kunna, zaure nake fita in tsaya har a kashe."

Ya ajiye kwandon, ya zauna kusa da ita a kan tabarma.