Sufiyanu Tela a Tsibirin Garwashi

Sufiyanu tela ne a Gure, shagonsa na nan bayan tashar mota, kuma shekarunsa arba'in da uku. Mahaifinsa makiyayi ne daga wajen Gamu. Shekarar da fari ya cinye musu garke suka shigo gari, Sufiyanu ya bar lakwal, wato makarantar boko, a aji shida ya zauna gaban keken ɗinki, bai sake tashi ba. An san shi da son abu ya tafi daidai. In ɗinki ya karkace ko da faɗin ƙwayar gero ne, sai ya warware ya sake, ko mai kaya na tsaye a kansa yana jira.

Bara da bazara, yana dawowa daga kasuwar Gidigir a kan moto, rairayi ya kwashe tayar gaba. Ƙafar dama ta karye, wadda yake taka keke da ita. Mai ɗori ya ɗaure ta da karare ya ce kwana arba'in ba motsi. Matarsa Lauratu ta shimfiɗa masa katifa a rumfar tsakar gida. Cikin sati ɗaya ya yi faɗa da kowa, har da awaki.

Yana da aboki tun na yarinta, Muktar, jandarma ne a Difa. Da Muktar ya ji labari sai ya aiko da saƙon murya.

"Tela, tunda ba ka da aiki sai ƙirga karan rumfa, zo mu yi wasa. Wata duniya ce a cikin salula. Mutane dubbai ke shiga lokaci guda daga ƙasashe iri-iri, kowa da jaruminsa, ana yawo tare ana yaƙi da dodanni. Sunansa da Faransanci ne, amma ka ce Tsibirin Garwashi."

"Ni da furfurata?" in ji Sufiyanu.

"Ni ban da ita ne? Sauke shi kawai. Minti biyar ne."

Kwana uku aka yi. Da farko salular ta ce babu wuri, sai da ya goge hotunan samfurin ɗinki da ya tara shekara da shekaru, yana gogewa yana tsaki. Sannan ga matsalar rezo, wato sabis ɗin salula. A gidan duka wuri ɗaya yake kamawa, kan katanga kusa da turken awaki, shi kuwa ba ya iya zuwa can. Lauratu ce ke ɗora salular ta riƙa leƙawa tana faɗa masa inda aka kai. Rana ta biyu an kai tamanin da tara cikin ɗari, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, batir ya mutu, komai ya koma farko.

Da wasan ya buɗe, aka ce ya ba da suna. Ya rubuta Sufiyanu, aka ce wani ya riga shi. Ya rubuta Sufiyanu Tela, shi ma an ɗauka.

"Wane telan ne kuma?" ya tambayi Lauratu. "Duk Damagaram na san Sufiyanu biyu masu ɗinki, ɗaya ma ya rasu."

A ƙarshe ya jera lambobi a bayan sunan, aka karɓa.

Aka nuna masa jarumai biyar ya zaɓa. Akwai bayani a ƙarƙashin kowane, amma Faransancin ya fi na aji shida, rubutun kuma ƙanana. Sai ya duba abin da ya sani. Mai takobi sulkensa ya yi masa faɗi a kafaɗa. Mai baka wandonsa ya ɗage. Na huɗu yana sanye da doguwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, ta zauna masa cas, da sanda a hannu. Shi ya ɗauka.

Muktar ya kira yana dariya har da tari. "Mai magani ka ɗauka! Wannan ba ya yaƙi. Aikinsa ya tsaya a baya ya riƙa warkar da masu yaƙi."

"To a canza."

"Sai dai ka sake daga farko, da sabon suna."

Sufiyanu ya tuna wahalar suna, ya ce a bar shi haka.

Ya sami kansa a wani ƙauye mai koren ciyawa. Wani tsoho mai farin gemu na tsaye bakin rijiya. Sufiyanu ya ga bai dace ya wuce dattijo ba gaisuwa, ya zauna ya haɗa ta harafi bayan harafi, ya tambayi gida da iyali. Tsohon ya ce ya kawo masa fatar kerkeci goma. Ya sake gaishe shi. Tsohon ya sake cewa fatar kerkeci goma. Sai da yamma Muktar ya gaya masa ai wannan ba mutum ba ne, na'ura ce, haka take gaya wa kowa.

Fatun nan goma sun ci masa kwana huɗu. Babban yatsansa, wanda kanta ta yi wa kauri saboda almakashi, yakan danna maɓalli biyu a tare. Ya yi nufin duka, sai jarumin ya zauna a ƙasa. Wani lokaci yana tsakiyar kokawa komai ya tsaya cak, rezo ya tafi. In ya dawo sai ya tarar da kansa a maƙabartar ƙauyen, an kashe shi tuni. Da zafi ya taso bayan azahar salular takan ɗau zafi ta kashe kanta, sai Lauratu ta ɗora ta a kan murfin randa ta huce.

"Maigida," ta ce wata rana, "an kawo maka wannan abu don ka huta ne ko don hawan jini?"

Hankalinsa na kan salula. Yana neman hanyar fita daga wani rami da ya faɗa tun hantsi.

A sati na uku ya gano cewa akwai sana'o'i a wasan, har da ɗinki. Ranar ce kaɗai Lauratu ta ga haƙoransa. Ya tara ulu da zare, ya je wurin masaƙa, ya zaɓi alkyabba. Wasan ya ce matakinsa bai kai ba, shi ɗan koyo ne, sai ya ɗinka jakar tsumma talatin tukuna. Ya ɗinka ɗaya don ya gani. Ba awo, ba yanka, ba guga. Danna maɓalli kawai, jaka ta fito. Ya kife salular a kan katifa.

"Shekara ashirin da takwas ina kan keke," ya ce, "yau wani wanda bai taɓa zura zare a allura ba yake ce mini ɗan koyo."

Abin da ya fi ƙona masa rai ya faru ran wata Lahadi da safe. Muktar ya ce lokaci ya yi da za su shiga Kogon Gizo-gizo, wanda ba a shiga sai mutum biyar. Ya samo wasu uku, biyu daga Abijan, ɗaya daga Dakar. Ya yi wa Sufiyanu bayani sau uku: ga layin jinin kowa a gefe, in na wani ya ragu ka taɓa sunansa ka danna koren maɓalli. An kai katifa har gindin katanga saboda rezo, awaki na shinshinar ɗorin.

Da farko abin ya tafi. Ya warkar da ɗan Dakar sau biyu, har ya soma murna. Sai uwar gizo-gizon ta sauko daga rufin kogo, fuskar salula ta cika da haske da lambobi, layuka huɗu suka soma raguwa tare. Ya taɓa sunan Muktar, yatsa ya zame ya taɓa nasa. Ya warkar da kansa, shi da ko ƙwarzane babu, sau uku a jere. Su huɗun suka zube, sannan ta zo ta gama da shi.

Rubutu ya riƙa zubowa da sauri. Bai gane duka ba, amma kalmar jaki ya san ta tun lakwal. Kafin ya haɗa amsa aka nuna masa an fitar da shi daga ƙungiya, da ƙuri'a huɗu.

Ya kira Muktar. "Huɗu. Ku nawa ne in ban da ni?"

"Tela, ka gane, in ban danna ba ni ma..."

"Yaran da na haifi kamarsu suna zagina kana kallo, sannan ka sa hannu."

Ya kashe. Kwana shida bai ɗauki kiransa ba. Ran na bakwai Muktar ya aiko da dogon saƙo, ya ba da haƙuri, ya ce shi ma an kore shi sau biyar kafin ya iya, kunya ce ta hana shi faɗa. Suka shirya. Suka riƙa yawo su biyu a bakin daji suna farautar ƙananan dodanni, Muktar a gaba, Sufiyanu a baya yana koyon inda koren maɓalli yake ba tare da ya duba ba. Sun sa ranar komawa kogon, sai aka tura Muktar aiki can daji inda ko kira ba ya shiga.

An kwance ɗori. Sufiyanu ya koma shago yana ɗingishi, ya sa injin lantarki a jikin keken don ƙafar ta huta. Har yau bai wuce kogon ba, kuma duk wanda ya tambaye shi yakan ce wasan ɓata lokaci ne. Amma ran Juma'a bayan masallaci, kafin a buɗe shago, yakan shiga wasan ya zaga.

Juma'ar da ta wuce yana tsaye a kasuwar ƙauyen sai wani sabon shiga, da rigar farko a jikinsa, ya rubuto masa yana tambayar yadda ake hawa doki. Sufiyanu ya san amsar. Ya gyara zama, ya soma haɗa ta da Faransanci, yana gogewa yana gyarawa don kada kuskure ya shiga. Ta ɗauke shi kusan minti goma. Da ya ɗago ya danna aikawa, mutumin ya daɗe da fita daga wasan.