Ƙwan zabin Goggo

Ina shiga gidan Goggo a Nariya na tarar tana jera ƙwan zabi a ƙwarya, za a kai kasuwar Rano. Ga jikarta Ummi a gefe, wadda aka kawo mata yaye, tana tsotsar biskit. Yarinya duk ta rame, wuya kamar mariƙin lema.

Na ce, "Goggo, koko da biskit cika ciki kawai suke yi. Ki riƙa ba ta wake da zogale da ƙwai, su ne masu gina jiki."

Ta ce, "Wake da zogale na ji. Ƙwai kam a'a. Yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama."

Na ce, "Haba Goggo, camfi ne. Ni da na tashi a hannunki, kullum sai na zagaya bayan rumbu na ɗauki biyu na dafa a gwangwani. Ga ni nan ƙato, lafiya lau."

Sai da na rufe baki na gane na tona wa kaina asiri.

Ta dube ni ta ce, "Ashe kai ne. Shekara da shekaru ina tsine wa karen maƙwabta."

Ta miƙe ta jefa ƙwai biyu a tukunya, ta ce, "Gara in ba ta da hannuna. Ɓarawo ɗaya ya ishi gidan nan."

Ummi dai ta samu ƙwai, ni na samu suna. Ku me aka hana ku ci kuna yara, kuma wa ya ɗauki laifin?